Yadda za ka rage tulin wasannin dabarun yaƙi da suka taru maka

Wasannin dabarun yaƙi, waɗanda ake jera mayaƙa a gurabe kamar dara, ka yi motsinka ka jira abokin gaba ya yi nasa, suna da hali ɗaya mai wuyar sha'ani: ba sa yafe wa wanda ya yi nisa da su. Wasan ƙwallo ko na tseren mota ka ajiye shi wata uku, in ka ɗauki manet hannunka zai tuna. Amma ka bar Tactics Ogre wata uku a tsakiyar babi na uku, ranar da ka dawo ba ka san wane ne maharbinka ba, ba ka tuna dalilin da ya sa ka ɗora wa wancan yaron gatari ba. Sai ka ce bari in sake daga farko. Ta haka mutum ke tara wasa goma sha biyu, kowanne an ba shi awa takwas, babu wanda aka ga ƙarshensa. Abin da ke cinye lokacin abu biyu ne, buɗe wasanni da yawa a tare, da maimaita fage ɗaya sau bakwai don neman nasarar da ba ta da tabo. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan biyun suke.

Fara da kaye da bik

Rubuta duk abin da kake da shi, kowane wasa layi ɗaya: sunansa, na'urar da yake kai, girmansa, harshen da ke cikinsa, ko mayaƙi in ya mutu ya tafi ke nan, da ko akwai damar mayar da motsi baya. Maganar harshe kada ka raina ta. Tactics Ogre: Reborn na 2022 yana da Faransanci, amma Final Fantasy Tactics da ya fito a PSP, na'urar wasa ta hannu ta Sony, a 2007 ba shi da shi, kuma wasa ne mai dogon zancen sarauta da cin amana.

Sannan ka daina lissafi da awa, ka koma lissafi da fage. Awa hamsin tana tsorata mutum, babi ashirin da biyu kuwa abu ne da za ka iya ja wa layi ɗaya bayan ɗaya. Fire Emblem: Three Houses na 2019 yana da hanyoyi huɗu, mafi gajarta babi 18, mafi tsawo 22. Triangle Strategy na 2022 wajen babi 20 ne. Fage ɗaya yakan ci minti talatin zuwa awa guda, ban da shirye-shiryen da ke gabansa. In dare huɗu kake samu a mako, kowane dare fage ɗaya, to babban wasa zai ɗauke ka mako shida zuwa takwas. A shekara ke nan wasa shida zuwa takwas. Duba jerinka da wannan lissafin, za ka ga da kanka cewa wasu ba za su samu shiga ba, kuma gara ka zaɓe su yanzu da hankalinka.

Ka kuma yanke abin da "gamawa" ke nufi tun kafin ka taɓa manet: ganin ƙarshen labari sau ɗaya. Babi goma sha biyun farko na Three Houses a makaranta ake yin su kuma kusan iri ɗaya ne a kowace hanya, wanda ya ce sai ya bi huɗun a jere zai maimaita makaranta ɗaya sau huɗu, a na biyu ma yawanci ake gajiya. Disgaea kuwa, da ya fara fitowa a 2003, mayaƙi na iya kai mataki 9999, kuma kowane makami akwai rami a cikinsa da ake shiga a yi ta yaƙi. Rijiya ce gaba dubu. Gama labarinsa ka rufe.

Wanne za a fara

Kada ka bi shekarar fitowa. Tsofaffin sun fi tsanani, sun fi rowar bayani, kuma su ne ba su da damar gyara kuskure. Fara da mai sassauci da kake ganin ƙarshensa daga nesa. Triangle Strategy ya dace da wannan gurbin: mayaƙi ba ya mutuwa har abada, kuma in aka ci ka ko ka janye, makin gogewar da mutanenka suka tara a fagen yana nan, don haka karo na biyu ka fi ƙarfi. Daga nan Fire Emblem ɗaya. Sai Final Fantasy Tactics, sai XCOM, sai Tactics Ogre daga baya.

An raba Final Fantasy Tactics da Tactics Ogre da gangan. Mutum ɗaya ne ya jagoranci ƙirar su, Yasumi Matsuno, Tactics Ogre a 1995, ɗayan a 1997, kuma komai nasu dangi ne: tudu da gangare, bugun baya, jerin motsi bisa saurin mayaƙi, labarin yaƙin basasa. In ka jera su za ka ji kamar wasa ɗaya ne mai awa ɗari.

Ƙa'idar ita ce babban wasa ɗaya a lokaci ɗaya. In kana so ka huta da shi, ka ajiye ƙarami a gefe wanda ba shi da labarin da za a manta. Into the Breach na 2018, fage gurbi takwas sau takwas, mayaƙa uku, ana gama faɗa kafin shayi na biyu ya nuna a fada. Ko Battle for Wesnoth, wanda kyauta ne tun 2003, yana tafiya a tsohuwar kwamfuta, yana da Faransanci, kuma akwai gajerun yaƙoƙi a cikinsa masu fage kaɗan.

Saye kuma a dakata. Steam, kantin sayen wasannin kwamfuta a intanet, na yin babban rangwame a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba kowace shekara, wanda ka bari yau zai dawo. Sai ka gama biyu ka sayi ɗaya.

Kuran, zafi da forfe

A Yamai ko Tawa, na'ura mai batir ita ce gaba ga irin wannan wasan, domin faɗan da ka yi minti hamsin kana ginawa ɗaukewar kuran ɗaya ta ishe shi. Switch, na'urar wasa ta Nintendo, wanda aka sabunta a 2019 yana riƙe awa huɗu da rabi zuwa tara, na farkon awa biyu da rabi zuwa shida da rabi, Lite kuma uku zuwa bakwai. Mai kwamfutar tebur ya nemi na'urar riƙe wuta, ko da mai ba da minti goma ce, don ya samu ya adana ya kashe. Mafi muni shi ne wuta ta tafi daidai lokacin da wasa ke rubuta ajiya, nan fayil ɗin kan lalace gaba ɗaya.

Nintendo ta ce a yi amfani da Switch tsakanin digiri 5 da 35. A Afrilu da Mayu rana na wuce 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. A bari sai dare ko bayan asuba, kada a ɗora na'ura a katifa ko matashi inda iska ba ta fita, kuma kada a haɗa caji da wasa da tsakar rana. Lokacin hunturu ƙura ce matsalar: a rufe da ƙyalle in an gama, a riƙa share ramukan iska da busasshen buroshi mai laushi.

Girman wasa ya bambanta ƙwarai. XCOM 2 na neman giga 45 a kwamfuta, XCOM: Enemy Unknown giga 20, Into the Breach da Wesnoth kuwa sauke kowannensu bai kai giga ɗaya ba. Manyan a sauke su inda akwai wifi ko da forfen dare, a buɗe sau ɗaya da intanet, sannan a mayar da Steam yanayin aiki ba intanet, kada wani sabuntawa ya tsare ka a ƙofa ranar da ba ka da mega. Mai Switch ya sani cewa ajiyarsa a cikin na'urar take, ba a kaset ba, ba a katin microSD ba. Kaset ɗin aro in ya koma wa mai shi, ci gabanka na nan.

Matakin wuya da maganar mutuwa

Zaɓi matsakaici. Mataki mafi tsanani an yi shi ne don wanda ya riga ya san inda ƙarin abokan gaba za su ɓullo, kai kuma karon farko ne. A Three Houses ana iya rage wuya a tsakiyar wasa amma ba a iya ƙara ta, don haka mai shakka tsakanin biyu ya fara da na sama.

Fire Emblem tun fitowarsa ta farko a 1990 an san shi da mutuwar da ba dawowa. Sabbin suna ba ka zaɓi tsakanin wannan, wanda menu na Faransanci ke kira Classique, da yanayin da wanda ya faɗi ke dawowa a fage na gaba. Ka yi wa kanka gaskiya a nan. In ka san duk wanda ya mutu sai ka kashe ka sake fagen, to zaɓin Classique bai ƙara maka komai ba sai ɓarnar dare. Ko dai ka ɗauki mai sassaucin, ko ka ɗauki Classique ka yarda wanda ya faɗi ya faɗi. Wasan na ba da mayaƙa fiye da waɗanda fage ke ɗauka daidai saboda haka.

Damar mayar da motsi baya ma ba abin kunya ba ce. Three Houses na farawa da sau uku a kowane fage, tana ƙaruwa. A Fire Emblem Engage na 2023 ba ta da iyaka a mataki mai sauƙi, sau goma a na sama. Tactics Ogre na da tasa. Komawa motsi biyu baya minti ɗaya ne, sake fage awa guda.

Ajiya uku, ba ɗaya ba

Ware gurbin ajiya uku. Na farko a farkon babi, kana kan taswira inda za ka iya sayayya da atisaye. Na biyu gab da shiga faɗa. Na uku shi ne na yau da kullum. Kada ka taɓa rubuta na tsakiyar faɗa a kan na farkon.

Dalilin wannan yana da suna: fadar Riovanes a ƙarshen babi na uku na Final Fantasy Tactics. Faɗa ne a jere, kuma a tsofaffin fitowar wasan yakan tambaye ka ko za ka adana a tsakani. Ka ce e, ka rubuta a kan ajiyarka ɗaya tilo, sai ga Ramza, jarumin wasan, shi kaɗai gaban abokin gabansa Wiegraf, ba hanyar komawa taswira, ba kasuwa, ba atisaye. Mutane da yawa a nan wasansu ya mutu bayan awa ashirin. In har ka riga ka faɗa, akwai mafita: Ramza na da kirarin da ke ƙara masa sauri, ka yi ta gudu kana yin sa har ka riƙa samun motsi biyu ko uku kafin Wiegraf ya samu ɗaya. Dabarar shan magani da kanta in an buge ka ma tana ceto, sai dai tana ɗaukar mafi raunin maganin da ke jaka, shi ya sa ake sayar da ƙananan kafin a shiga fadar.

A cikin fage

Yawancin maimaita fage daga rashin lissafi ɗaya suke zuwa, wanda bai fi daƙiƙa ashirin ba. Kafin ka ƙare zagayenka, kunna alamar da ke nuna iyakar inda abokan gaba ke iya kaiwa, ka duba wa ke ciki. Sannan ka ɗauka duk wanda zai iya bugunsa zai same shi.

Ga yadda ake yi a Fire Emblem. Ɓarna ita ce ƙarfin harin abokin gaba a cire tsaron naka. Ɗan sulkenka na da rai 24, tsaro 11. Mutum uku na iya kai masa, harinsu 18, 17 da 20. Bakwai da shida da tara, 22 ke nan, zai tsira da 2. Amma saura tambaya biyu. Akwai wanda ya fi shi sauri har zai buga sau biyu? A Fire Emblem na tsohuwar na'urar Game Boy Advance da Three Houses tazarar sauri 4 ta isa, a Fire Emblem Awakening da Engage 5. In mai 18 ɗin ya ninka, 29 ne, an yi jana'iza. Ta biyun ita ce ta fi kama mutane: in ɗan sulkenka ya kashe na farko da ramuwa, gurbin ya buɗe, na huɗu da ba ka sa a lissafi ba ya shigo. Wani lokaci gara ka ba mai tsaron ƙofa makami mai rauni don kada ya kashe kowa, ya dai toshe hanya.

Takobi na cin gatari, gatari na cin mashi, mashi na cin takobi. A Blazing Blade da Sacred Stones, Fire Emblem na Game Boy Advance, ribar ɓarna 1 ce da ƙarin 15 a sa'ar samu, a Engage kuwa in kai ka fara hari da makamin da ke ci, abokin gaba ba ya iya ramawa. Three Houses bai gina komai a kan wannan ba. Baka kuma ajalin doki mai fukafukai ce a duk inda aka je.

Lambar sa'ar da ake nuna maka ba kullum take nufin abin da ta ce ba. A wasannin Game Boy Advance da Awakening, wasan na jefa ƙuri'a biyu ya ɗauki tsakiyarsu, sai 80 ta zama kusan 92 cikin ɗari, 70 ta zama 82, 30 kuma ta faɗo 18. Sa'ar mugun bugu mai ninka ɓarna uku kuwa ƙuri'a ɗaya ce, 3 cikin ɗari 3 ce, kuma in ka bar shugabanka gaban irin wannan sau talatin, wata rana za ta faɗa masa. Wanda ya saba da wannan rangwamen in ya koma XCOM sai ya ce wasan na cuta. Harbi mai 95 yana kuskurewa sau ɗaya cikin ashirin. Harbi ɗaya mai 70 caca ce, biyu su kuskure tare sau 9 cikin ɗari ne, uku kuwa bai kai sau 3 ba. Saboda haka kowane abokin gaba a tanadar masa harbi biyu da gurneti a baya, don gurneti ba ya kuskure.

Sauran ƙa'idojin XCOM gajeru ne. Rabin mafaka na rage sa'ar harbinka da 20, cikakkiya da 40, tudu na ƙara wa mai harbi 20. Sojan da zai fi yin nisa gaba shi zai fara motsi, cikin shuɗin layi, wato iyakar da zai kai ya kuma iya harbi, don in ya tono gungun abokan gaba sauran duk suna da damarsu. In sojan ƙarshe ya ruga cikin layin ɗorawa, mai cinye duk damarsa, ya tono gungu, nan ake asarar tawaga. A Enemy Unknown kuma ana faɗuwa a hedkwata tun kafin a faɗi a fage: ƙasashe 16 ke ba da kuɗi, in 8 suka janye wasa ya ƙare, tauraron ɗan'adam kuma, wanda ke kwantar wa ƙasa hankali kada ta janye, kwana 20 yake ɗauka kafin a gama ƙera shi. Wanda bai yi odarsa a kwana goman farko na wata ba ya makara.

Inda awanni ke zubewa

Zaɓi mayaƙa goma zuwa goma sha biyu ka tsaya a kansu. Raba gogewa ga mutum talatin na haifar da runduna da kowa a cikinta rabin ƙarfi ne. Tsohon barden da Fire Emblem ke ba ka a farko, kamar Marcus a Blazing Blade, kisa ɗaya maki kaɗan yake ba shi, don haka ya raunata, yara su ƙarasa, amma in fage ya yi zafi a sake shi ya yi aikinsa. Wesnoth ma haka: kisa na ba da maki takwas sau matakin wanda aka kashe, a bar bugun ƙarshe ga wanda ya kusa hawa.

Noman mataki ba kullum yake biya ba. A Final Fantasy Tactics faɗan labari matakinsa a tsaye yake, amma faɗan kan hanya yana hawa da matakin mutanenka, kuma dodanni ba sa bukatar sulke, kai kana bukata. Makin sana'a, wanda ake koyon dabaru da shi, ake nema a can, ba mataki ba. Tactics Ogre: Reborn ya sa rufi a kan mataki da ba ya ɗagawa sai labari ya ci gaba, in ka kai rufin kuma ana cin ka, matsalar tana ga kayan yaƙi da jerin mutane. A wannan wasan kada ka sake farawa don ka ga abin da ɗaya zaɓin na ƙarshen babi na farko zai haifar. Bayan ka gama labari, wasan da kansa na buɗe maka hanyar komawa mararrabar da rundunarka.

Makarantar Garreg Mach ta Three Houses ta fi fagen yaƙin cin lokaci. Zagaya ta sau ɗaya a wata ya isa: a ci abinci da ɗalibai don ƙwazonsu ya tashi, a karɓi ayyuka, a fita. Kamun kifi da neman masu kayan da suka ɓata a bar wa mai wasa ɗaya tak. A saitin kowane wasa kuma a kashe hoton faɗa ko a ƙara saurinsa bayan babi biyu ko uku, a hanzarta zagayen abokan gaba. Wannan kaɗai na rage minti goma ko fiye a dogon fage.

In ka maƙale, da in za ka tashi

Fage ya ci ka sau uku, kada ka shiga na huɗu da tsari iri ɗaya. Sake karanta sharaɗin nasara, don sau da yawa shugaba kaɗai ake so a kashe, ko a riƙe wuri zagaye goma, kai kuma kana ta bin kowa. Canza inda ka jera mutane, ja baya zuwa ƙofa ko gada su zo maka ɗaya-ɗaya. In bai yi ba, duba bayanin wannan fagen kaɗai a intanet, ko ka rage wuya. In ka ba wasa fage shida ko bakwai kuma har yanzu dole kake yi wa kanka, ja masa layi a kaye, ka goge shi daga na'ura don kada ya riƙa kallonka.

Duk daren da za ka tashi, tsaya a farkon shiri, ba a tsakiyar faɗa ba, ka rubuta layi uku a kaye ko a waya: babi nawa kake, su wa kake renon su da sana'ar da kake nufa da kowanne, da abin da za ka fara yi in ka dawo. Misali: "Babi 14. Maharbiya saura mataki biyu ta canza sana'a. A sayi mashi biyu da magani kafin gada, ajiya ta 2 ce mai kyau." In azumi ko jarrabawa ko tafiya Tawa ta raba ka da wasan mako biyar, ka karanta layukan, ka yi faɗan atisaye ɗaya don hannu ya dawo, sannan ka shiga babi na 14.